Kilishar Kamfani a Word: Yadda Nake Gyara Kai da Gindin Shafi Kafin In Buga

Ana saura kwana tara a hau Arfa wani Alhaji mai harkar kargo ya shigo ɗan shagonmu na rubutu da fotokwafi da ke bayan Shara Mansur, nan Makka, riƙe da filashi da takarda biyu a hannu. Ya aje mini su a kan tebur ya ce, "Ɗana, duba mini wannan abu. Jiya lafiya lau yake, yau ya haukace." Na duba. Tambarin kamfaninsa ya bar sama ya sauko tsakiyar wasiƙa, adireshin da ya kamata ya zauna a ƙasa ya tsallaka shafi na biyu shi kaɗai kamar wanda aka kora daga gida. Na ce, "Baba Alhaji, ba haukacewa ya yi ba, tun farko ba a ɗaure shi ba ne." Yaron da ya tsara masa takardar ya liƙa tambarin ne a cikin jikin wasiƙa, sannan ya yi ta danna Enter har adireshin ya kai ƙasa. Ranar da aka ƙara layi uku, sai komai ya zame.

A nan ƙasar ana kiran irin wannan takarda kilisha, wasu su ce tarwisa: takardar da ke ɗauke da suna da tambari da adireshin ma'aikata, wadda ba a karɓar wasiƙarka da muhimmanci in babu ita. Mutanenmu masu kargo, da masu kawo 'yan Umra, da masu sarin dabino da jallabiya, duk suna buƙatarta. Abin da zan nuna maka shi ne yadda nake gina ta a Word ta zauna daram, ko da wasiƙar ta kai shafi goma.

Kowane shafi a Word ɗaki uku ne. Akwai jiki, inda kake rubuta wasiƙa. Akwai kan shafi da gindin shafi, waɗanda yaran shago ke kira heda da futa. In kwamfutarka da Larabci take, za ka ga an rubuta ra'as da tazyil. Duk abin da ba ya canzawa daga wasiƙa zuwa wasiƙa, gidansa kai ko gindi ne. Ka danna sau biyu a can saman farin shafi, kan zai buɗe, jikin ya dusashe. Ka danna sau biyu a tsakiyar shafi, ka dawo jiki, kan ya dusashe. Wannan dusashewar ta sha jawo mini rigima da kwastomomi, sai mutum ya ce tambarinsa ya koɗe, in ƙara masa kala. Bai koɗe ba. Word ne ke nuna maka ba a ɗakin kake ba, a takarda da cikakkiyar kalarsa zai fito.

Amma kafin ka sa ko harafi ɗaya, duba girman takarda. A Saudiyya, kamar a Najeriya da Nijar da Sudan, A4 muke amfani da ita, faɗi milimita 210, tsawo 297. Yawancin samfuran da ake saukowa daga intanet na Amurka ne, a kan takardar Letter aka yi su, wadda ta fi A4 faɗi da kusan milimita 6, ta kuma gaza ta a tsawo da kusan milimita 18. In ka gina kilisha a kan Letter, ko dai firinta ta tsaya tana ƙifta maka wuta tana jiran takardar da ba ka da ita, ko ta buga adireshin ƙasa ya yi sama da inda ka so. Ka shiga Layout, ka zaɓi Size, ka danna A4. Ratar gefe ina barin santimita 2.5 ko'ina, in kuma takardar za a huda ta a sa a fayil, ina ƙara ɗan wuri a gefen hudar. Lura, wasiƙar Larabci daga dama ake huda ta, ta boko daga hagu.

Sai abu na biyu, wanda shi ne zuciyar aikin. Da ka buɗe kan shafi, za ka ga wani ɗan akwati a sama an rubuta Different First Page. Sa masa alama tun yanzu, kafin ka fara gini. Ma'anarsa shafin farko zai sami kai da gindi nasa daban, sauran shafuka su sami nasu. Dalili kuwa, babu wanda ke son ganin ƙaton tambari da lambar rajista a kowane shafi. Shafin farko ne ke sa babbar riga, na biyu ɗan layi siriri ya ishe shi. In ka riga ka gina kan sannan ka sa alamar, za ka ga komai ya ɓace daga shafin farko, gabanka ya faɗi. Bai ɓace ba, ya koma shafi na biyu ne, sai ka yanko shi ka dawo da shi. Gara dai ka kauce wa wannan wahala.

Kilishar ƙasar nan kusan duk fasali ɗaya ne: Larabci a dama, Turanci a hagu, tambari a tsakiya, wasu su ɗora Bismilla a samansa. Kada ka jera su da maɓallin tazara ko da Tab. Na rantse maka da ka canza girman harafi ɗaya za su watse. Ka saka tebur mai layi ɗaya da gida uku a cikin kan shafin, ka cire masa zanen iyaka, ka kunna View Gridlines don kai ka riƙa ganin gidajen alhali ba za su fito a takarda ba. Gidan dama ka shiga ka danna Ctrl da Shift na hannun dama, rubutu zai koma daga dama zuwa hagu. Gidan hagu kuma Ctrl da Shift na hannun hagu. Tambarin ka sa shi a gidan tsakiya, ka bar shi a kan In Line with Text, wato ya zauna kamar harafi a cikin layi. Hoton da ke yawo a kan rubutu shi ne wanda ke tashi ya bar gurbinsa in aka buɗe fayil ɗin a wata kwamfuta.

Ƙarƙashin teburin Word zai bar wani fankon sakin layi da ba ya goguwa, kar ka yi kokawa da shi. Ni amfani nake da shi: ina rage harafinsa zuwa 1, in sa masa layin iyaka a ƙasa da kalar kamfanin, ya zama shi ne zaren da ya raba kai da jiki. Ya fi layin da ake zanawa da hannu, don shi ba ya karkacewa.

Maganar tambari kuwa, in mai kamfani ya turo maka shi ta WhatsApp a matsayin hoto, ka ce ya sake turowa a matsayin fayil, domin manhajar tana matse hoto. Tambarin da zai fito santimita 3 a takarda yana son aƙalla ɗigo 350, wato pixel, a faɗinsa in ana so ya fito tas, kuma PNG marar bango ya fi, musamman in takardar ba fara sol ba ce. Wani ya taɓa kawo mini hoton allon shagonsa da ya ɗauka da waya, har da inuwar na'urar sanyaya ɗaki a jiki, ya ce in ciro tambarin daga nan. Na ciro, amma ban sa sunana a aikin ba.

Yanzu ga inda mu masu harshe biyu da uku muke shan wuya, wato lambobi. Ka rubuta lambar waya mai +966 da tazara tsakanin rukunoninta a cikin layin Larabci, sai ka ga alamar tarawar ta koma ɗaya gefen, rukunonin sun juya baya, na ƙarshe ya zama na farko. Wanda ya kira lambar yadda ya gan ta, wani zai samu ko ba kowa. Maganinsa lambar waya ta zauna a nata gida ko nata layi mai tafiya daga hagu zuwa dama, haka ma imel da adireshin intanet. In kamfanin na da ofis a Kano ko Yamai, lambar +234 ko +227 ita ma haka. Sannan akwai siffar lambobin. A File, Options, Advanced akwai wurin da aka rubuta Numeral. Abin dariya, lambobin da Larabawa ke rubutawa Word Hindi yake kiransu, waɗanda muka koya a makarantar boko su ne Arabic a wurinsa. In ka zaɓi Context, lamba za ta bi harshen da ke kewaye da ita. Sai dai ka sani wannan zaɓi na kwamfutarka ne, ba ya bin fayil zuwa kwamfutar wani, shi ya sa wasiƙa ɗaya ke iya fitowa da fuska biyu a ofis biyu.

Gindin shafin farko nan ne mazaunin abubuwan hukuma. Lambar sijil tijari, wato rajistar kasuwanci, lamba 10 ce. Lambar harajin ƙarin ƙima, wanda aka fara karɓa a Janairun 2018 aka kuma ɗaga shi zuwa kashi 15 cikin ɗari a Yulin 2020, lamba 15 ce, tana farawa da 3 ta ƙare da 3. Ina ƙirga su da bakin biro a gaban mai su, don lamba ɗaya in ta faɗi, rim guda na takarda ya tashi a banza. Sai unwan watani, wato adireshin da hukuma ta yi wa rajista: lambar gini guda 4, sunan titi, unguwa, gari, lambar gidan waya guda 5, da ƙarin lamba guda 4. Duk wannan da harafi mai girman 8 ko 9 ya isa, layi biyu ko uku. Kar gindin ya yi kauri har ya ci wurin sa hannu da hatimi, domin wasiƙar da za a kai gurfa tijariyya, wato cibiyar 'yan kasuwa, a tabbatar tana son fili a ƙasa.

In sunan kamfanin ko na mai shi yana da harafi mai ƙugiya, ga dabara: rubuta U+0199 ka danna Alt da X, zai zama ƙ. Na ɗ shi ne 0257, na ɓ 0253, manyansu kuma 0198 da 018A da 0181. Times New Roman da Arial da Calibri duk suna da su, amma yawancin haruffan ado da ake saukowa ba su da su, sai ka ga ƙ ɗin ya fito da wata siffa daban a tsakiyar kalma kamar baƙo a gidan biki. A Larabci ni Sakkal Majalla na fi so, Traditional Arabic yana da kyau amma ƙanana yake fitowa, dole ka ƙara masa girma.

Lambar wasiƙa da kwanan wata da abin da aka haɗo, waɗanda ake rubuta raƙam da tarikh da murfaƙat, wasu na cusa su a kan shafi. Ni a farkon jiki nake sa su, tunda kullum canzawa suke, kuma ba na son sakatare ya riƙa shiga kan shafi yana taɓe-taɓe. Kwanan wata kuma da hannu nake so a rubuta, Hijiriyya da Miladiyya. Akwai akwatin da ke cewa Update automatically idan za ka saka kwanan wata, kar ka yarda da shi. Wata Hajiya mai kawo 'yan Umra ta zo a sake buga mata wasiƙar da ta aika tun watan Rajab don ta kafa hujja da ita, muna buɗewa sai kwanan ranar ya hau kai, a Shawwal. Ta ce, "Malam, ai wannan sai su ce ƙarya nake." Allah ya taimaka akwai kwafin PDF a wayarta.

To, shafi na biyu. Koma jiki, danna Ctrl da Enter, sabon shafi zai buɗe. Shiga kansa, za ka same shi fanko, ka rubuta sunan kamfani da ƙaramin harafi. A gindinsa ka saka lambar shafi ta hanyar Page Number, ba da hannu ba, ka zaɓi mai nuna shafi kaza cikin kaza, sannan ka canza kalmomin zuwa "Shafi na 2 cikin 3" ko na Larabci, ba tare da ka taɓa lambobin kansu ba. In kana shakkar ko lamba mai rai ce ko matacciya, danna Alt da F9, mai rai za ta nuna PAGE ko NUMPAGES a cikin baka. Da ka gama, goge shafi na biyun. Kada ka ji tsoro, Word yana riƙe da kansa da gindinsa a ɓoye, duk ranar da wasiƙa ta yi tsawo za su fito da kansu. Ba kuma sai ka ƙara ratar sama don tambari ya sami wuri ba, kan shafin farko shi ke tura jiki ƙasa daidai kaurinsa, shafi na biyu ya koma kan santimita 2.5 ɗinsa.

Wani lokaci a tsakiyar wasiƙa ana son shafi a kwance, misali jadawalin sunayen alhazai da lambobin fasfo. Wannan sai an yanka sashe, ta Breaks, Next Page. Sabon sashe yana gadon kai da gindin na baya muddin Link to Previous na kunne, kuma kai da gindi kowanne da nasa maɓallin, sai ka kashe su ɗaya bayan ɗaya. Yana kuma gadon Different First Page, shi ya sa babban tambari kan sake faɗowa a shafin jadawali. Cire alamar a wannan sashen kawai. Abin da ya fi cizon mutane shi ne goge alamar yankan sashe: da ka goge ta, rubutun da ke samanta zai ɗauki kai da gindi da kwanciyar sashen da ke ƙasanta. Ka kunna Ctrl da Shift da 8 ka riƙa ganin abin da kake gogewa.

Ajiye shi a matsayin Word Template, mai ƙarewa da dotx. Amfaninsa, duk wanda ya danna shi sau biyu sabuwar wasiƙa ce za ta buɗe, uwar tana nan ba a taɓa ta ba. In kai ne za ka gyara uwar, danna hannun dama ka zaɓi Open. Masu LibreOffice nasu ott ne, kuma su da salon shafi suke aiki, First Page a shafin farko, ya miƙa wa na kullum a na biyu.

Duk wannan a allo ne. Takarda ita ce alƙali. Firinta ba ta iya bugawa har bakin takarda, ta leza kan bar kusan milimita 4 zuwa 5 a kowane gefe, wasu masu ruwan tawada sun fi haka a ƙasa. Don haka ina barin kai da gindi aƙalla santimita 1 daga baki, na Word na asali ma wajen 1.25 ne. Masu son zanen kala ya kai har baki, wannan aikin maɗaba'a ne, a can ake bugawa a babbar takarda a yanke. In ka buga ka ga rubutu ya fito amma zane ko akwatin rubutu bai fito ba, leƙa File, Options, Display, ka ga ko an cire alamar Print drawings created in Word. Kalar bangon shafi ita ma ba ta fita sai an kunna ta a wurin, ko da yake ban taɓa ba kowa shawarar ya kunna ba, tawada ba kyauta ba ce. In daga PDF za ka buga, zaɓi Actual size. In ka bar shi a Fit, zai ɗan tsuke shafin gaba ɗaya, ba za ka lura ba sai ka ɗora shi a kan wani.

Kamfanin da ya riga ya buga kilisharsa a maɗaba'a kuwa, samfuri na biyu nake yi masa, marar tambari. Ina ɗaukar rula in auna inda tawadar maɗaba'a ta ƙare. A ce ta ƙare a santimita 4.5, ina so rubutu ya fara a 5. Kan shafi yana farawa a 1.25, saura 3.75 ke nan. Sai in shiga kan shafin farko, a fankon sakin layin nan in sa tazarar layi a kan Exactly, in rubuta 3.75 cm, Word ya mayar da shi kusan maki 106. Haka nake yi wa gindi. Shafi na biyu ba ruwansa, tunda farar takarda zai hau. A Page Setup, ɓangaren Paper, akwai inda za ka ce shafin farko ya ɗauko daga wannan tire, sauran daga wancan. Kilisha a tiren hannu, farar takarda a na ƙasa. Wannan zaɓin da firintar yake tafiya, in an canza firinta sai an sake shi. Ka kuma tambayi maɗaba'ar ko tawadarsu tana jure zafin leza, don irin rubutun nan mai tudu yana iya narkewa a ciki ya ɓata maka inji.

Wace fuska takarda za ta kalla a tire, kuma kai ne gaba ko gindi, wannan kowace firinta da halinta. Ɗauki farar takarda, zana kibiya da fensir a samanta, saka ta, buga, ka ga inda rubutu ya faɗa. Tamu na rubuta amsar a ɗan salatif na manna a jikin tiren, don yaran shago su daina tambayata. Gwajin farko a kan farar takarda nake yi, in ɗora ta a kan kilishar in ɗaga su sama wajen fitila, in ga ko rubutu ya hau tambari. Sai ya yi daidai nake saka ta gaske, guda ɗaya tak, tunda mai nauyin giram 100 ba araha take ba.

In za ka aika wa wani, aika PDF, shi ne ke tafiya da haruffansa da lambobinsa yadda ka bar su. Fayil ɗin Word in an buɗe shi a waya sau da yawa ba ya nuna kai da gindi sam, sai an koma kallon bugawa. Alhajin kargon nan ma ya kira ni da dare washegari ya ce, "Ɗana, tambarin ya sake gudu." Na ce, "Baba, a waya kake dubawa ko?" Ya yi shiru, sannan ya ce to, sai da safe.

Takardun gwaji masu Bismilla a kai ba ma jefa su a kwandon shara. Akwai kwali daban a ƙarƙashin tebur da muke tara su, in ya cika a kai akwatin da ake ajewa don irin waɗannan takardu a bakin masallaci. Shi ya sa ma nake barin Bismillar sai ƙarshe, in gwaji ya ƙare sannan in ɗora ta a saman tambari.